Ba a Fafe Gora Ran Tafiya: Gyaran Kayan Gona da na Lambu a Gida



Yau za mu yi magana a kan kayan aikinmu, watau fartanya da garma da sungumi, da gatari da adda da lauje, har zuwa garmar shanu da injin ban ruwa da na feshi. Da su mu ke neman abinci, amma da an gama girbi sai yawancinmu mu watsar da su bayan ɗaki, ba mu sake tuna su sai hadari ya taso.

Ku duba abin da kan faru. Ruwan shuka ya sauka da dare. Da asuba mai gida ya ɗauko sungumi, ya tarar gara ta cinye ƙota. Ya nufi maƙera, ya iske mutum goma sun riga shi. Ya koma gidan maƙwabci neman aro, maƙwabci kuwa ya tafi gona da nasa. Kafin ya sami abin aiki an yi kwana biyu ko uku, laima ta tafi, sai ya jira wani ruwa. Geron da aka shuka a makare ba ya kamo na fari. Haka kuma ran noman firi: in fartanya ta karye, ciyawa ba ta jiran kowa. Shi ya sa magabata suka ce ba a fafe gora ran tafiya. Lokacin gyara shi ne yanzu, da rani, sa'ad da hannu ya ke sake, maƙeri kuma ba ya cikin gaggawa.

Abin da ke ɓata kaya

Abu uku ne ke ɓata mana kaya. Na fari tsatsa. Ƙarfe ba ya tsatsa sai ruwa da iska sun haɗu a kansa. In aka bar jiƙaƙƙiyar ƙasa manne da ruwan fartanya, ƙasar nan ta riƙe laima, tsatsa ta yi ta cin ƙarfe har ya yi sirara ya huje. In kuwa aka kankare shi, aka shanya, aka shafa ɗan mai, ruwa ba shi da hanyar taɓa ƙarfen.

Na biyu gara. Daga ƙasa ta ke hawowa. Duk ƙotar da aka jingine a ƙasa wata da watanni an ba gara abinci ke nan.

Na uku rana da iskar hunturu. Su ke busar da ice ya tsuke, ramin ƙota ya yi faɗi, ruwan gatari ya riƙa girgiɗi, ko kuwa ƙotar ta tsage.

Maganin duka ukun ɗaya ne: a wanke, a shanya, a shafa mai, a rataye a inuwa inda ba ya taɓa ƙasa.

Wurin gyara

Ba sai an gina ɗaki ba. Kusurwar zaure ta isa, ko 'yar rumfa wadda ba ta yoyo. A kafa sanda a gicciye, ko a buga ƙusoshi a bango, a rataye kaya can sama inda hannun yara ba ya kai. A sami kututture mai ƙarfi a ajiye, shi ne teburin aiki.

Ga abin da ya kamata a tanada: guduma, da dutsen washi, da magagari, da gizago, da filaya, da sukudireba, da sufana uku ko huɗu, da 'yar waya, da tsumma, da gwangwanin mai. A sami wani gwangwani kuma na tara ƙusoshi da notuna. Kada ku yar da tsohon noti, ko guntuwar fata, ko tsohon tif na keke. Ran da a ke bukatarsu ba su samuwa a ƙauye.

In mutum ɗaya ba ya iya sayen waɗannan duka, ku haɗa kai ku biyar ko shida, ku saya tare, ku ajiye wurin mai amana. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Gyaran ƙota

Ku fara da ƙota, don ita ta fi saurin lalacewa. Ku riƙe ta, ku girgiza. In ruwan yana motsi, kada ku fita da ita. Gatarin da ke girgiɗi yakan fice ya tashi sama, ba a san kan wanda zai sauka ba.

Da yawa daga cikinmu mukan jefa ƙota cikin ruwa ta kwana don ta kumbura ta kama. Wannan dabarar yini ɗaya ce. Da icen ya sake bushewa sai ya fi da sakewa. Abin da ya fi shi ne a zare ruwan, a naɗa 'yar fata a tsinin da ke shiga rami, a mayar, a buga ya zauna daram. Shebur da diga kuwa, waɗanda ƙota ke shiga cikin ƙarfe, a fiƙe ɗan ice mai tauri a buga shi a kan ƙotar ya buɗe ta, ko a sake mata ƙusa.

In kan ƙota ya fara tsagewa, a ɗaure shi tam da ɗanyar fata. Sa'ad da fatar ta bushe za ta tsuke, ta riƙe icen. In babu fata a naɗa waya. Amma in tsagar ta bi tsawon ƙota, a sake wata, kada a yi ta liƙe-liƙe.

Wajen sabuwar ƙota, marke da aduwa suna daga cikin itatuwan da masassaƙa suka yarda da su. A sari reshe kawai, kada a kā da itace saboda ƙota ɗaya. A bar reshen ya bushe a inuwa makonni da dama kafin a sassaƙa, don ɗanyen ice in ya bushe zai saki ƙarfe. A kankare shi ya yi sumul, a shafa masa ɗan man kaɗe, hannu ba zai yi kanta da borori ba.

Ga abin lura. In za a ƙona rami a sabuwar ƙota, tsinin baya kaɗai a ke sa wa wuta. Kada bakin ya shiga wuta. Maƙeri ya riga ya ba bakin nan taurinsa, in ya yi ja ya huce a hankali sai ya yi laushi, ba ya ƙara riƙe kaifi.

Washi

Dakusasshiyar fartanya tana cin ƙarfin mutum a banza. Tana tankwaɓe ciyawa, ba ta yanke ta, bayan kwana kaɗan ciyawar ta sake tashi. Wanda ya wasa tasa yakan gama kunyarsa ya bar mai dakusasshiya a tsakiyar tasa.

In za a yi washi da dutse, a jiƙa dutsen. In da magagari ne, a danne ƙarfen a kan kututture, a tura magagarin gaba, a ɗaga, a dawo da shi, a sake turawa. Wajen turawa kaɗai ya ke ci. In ana goga shi gaba da baya, haƙoransa ke mutuwa. Ku bi gangaren da maƙeri ya yi wa bakin tun farko. In an mai da baki siriri ƙwarai, da ya gamu da tsakuwa zai yi giɓi. Kada a gwada kaifi da yatsa, a gwada a kara.

In baki ya lanƙwashe, a ɗora shi a kan kututture a bubbuga a hankali har ya miƙe. In ya tsage, wannan aikin maƙeri ne ko mai walda.

Garmar shanu

Tun cikin shekarun 1920 aka fara gwada noman shanu a ƙasar nan. Tashar binciken aikin gona ta Samaru, kusa da Zariya, wadda aka kafa a 1922, ta daɗe tana aiki a kan irin waɗannan kaya. Yau garmar shanu ta zama kayan gado a gidaje da yawa, kuma wadda aka kula da ita takan wuce daga uba zuwa ɗa.

Bakinta shi ke shan ƙasa, shi ne kuma a ke iya kwancewa a sake. In ya cinye aka ƙyale shi, sai garma ta ƙi shiga ƙasa, shanu su wahala, daga nan cin ya wuce zuwa jikin garmar, wanda ya fi baki tsada nesa. Saboda haka ku sake baki tun bai ƙare ba. Maƙeranmu sun iya ƙera shi da tsohon sifirin na mota.

Ku duba notuna ɗaya ɗaya. Dama a ke juyawa a ɗaure, hagu a kwance. In noti ya ƙi kwancewa saboda tsatsa, kada a sa ƙarfi. A ɗiga masa kananzir ko mai ya kwana, da safe a ɗan bubbuga, a sake gwadawa. A sa sufana daidai da shi. Wadda ta fi shi girma za ta cinye masa kusurwoyi, ya zama ba abin da zai kama shi.

Ku duba sarƙa da ƙafar garma, ku shafa hannu a jikin karkiya. In akwai kaushi ko tsaga a kankare, don shi ke yi wa sa miki a wuya. San da ke da miki kuwa ba ya ja.

Baƙin mai, watau wanda aka juye daga inji, yana hana tsatsa, a shafa shi kaɗan da tsumma. Amma kada a zubar da shi a lambu ko kusa da rijiya, a kuma wanke hannu da sabulu bayan an gama.

Kayan lambu

Masu lambu, ku naku aikin yanzu ya ke farawa. Mai jigo ya tona gindin ginshiƙai ya ga ko gara ta shiga. In za a kafa sabo, a ɗan babbake gindinsa tukuna. A bi igiyar guga daga farko har ƙarshe, musamman wurin ƙulli, don nan ta ke tsinkewa.

In bokitin ban ruwa yana yoyo, a cika shi da ruwa, a ga inda ya ke ɗiga, a yi alama da gawayi. A zubar, a shanya, a kankare wurin, a kai wa mai liƙi. Sai dai abin da aka liƙe da dalma kada a sha ruwa ko a dafa abinci a ciki. Dalma guba ce, ta fi kuma cutar da ƙananan yara. Kun ji abin da ya auku a Zamfara a 2010, inda gubar dalma daga dutsen zinariya da a ke niƙawa cikin gidaje ta kashe ɗaruruwan yara.

Baro kuwa, a sa giris a bakin ƙarfen da taya ke juyawa a kai, a kife shi bayan aiki don kada ruwa ya kwanta a ciki.

Injin ban ruwa

Cikin shekarun 1990, da shirin Fadama ya bazu, ƙananan injuna masu shan fetur suka yawaita a fadamunmu. Inji kuɗi ne masu yawa, wasu ma da bashi suka saya. In ya tsaya kwana huɗu cikin zafi, tumatir da albasa su ke biya.

Abu na farko: kada a tā da inji sai an cika tukunyar famfonsa da ruwa. Mu kanmu mun taɓa yin wannan kuskure. Muna sauri, muka ja igiya ba mu zuba ruwa ba. Kafin mu ankara abin da ke tare ruwa a cikin famfon ya ƙone, inji ya kama yoyo. Sai ran kasuwa muka sami wani, shukarmu ta sha ƙishirwa kwana uku saboda gaggawar minti biyu.

Na biyu, a duba mai kowace safiya, inji yana zaune daidai. Takardar yawancin irin waɗannan injuna tana cewa a juye man farko bayan awa 20 na aiki, daga nan kuma duk bayan awa 100. Ku bi abin da takardar naku ta ce. Soson da ke tace iska a riƙa wanke shi, ya bushe sarai kafin a mayar. Da hunturu a yawaita, saboda ƙura.

In inji ya ƙi tashi, kada a fara da kwance shi. A bi sannu: akwai fetur? An buɗe makunni da famfon mai? Man inji bai yi ƙasa ba? Sa'an nan a kwance fulogi, in ya yi baƙi a goge shi ko a sake sabo.

In ya tashi amma ba ya jan ruwa, yawanci iska ce ke shiga ta tiyon da ke zuƙo ruwa. A duba mahaɗa, a yanka tsohon tif a naɗe ta tam. A duba rariyar bakin tiyo ko laka ta toshe ta. A kuma kusantar da inji ga ruwa, don irin wannan famfo ba ya zuƙo ruwan da zurfinsa ya wuce kamar mita 7 ko 8.

Kada a zuba fetur inji yana aiki ko yana da zafi. Kada a tā da shi cikin ɗaki ko cikin rijiya, don a hayaƙinsa akwai wata iska marar wari wadda ke kashe mutum. In an gama lambu, a tsiyaye fetur da ruwan da ke ciki duka, don tsohon fetur yakan yi danƙo ya toshe kafireto.

Injin feshi

Wannan shi ya fi bukatar hankali, don guba a ke zuba masa. In bakinsa ya toshe, kada wanda ya sa baki ya hura. Kada kuma a tsokale shi da ƙusa ko waya, ramin zai yi faɗi, magani ya riƙa zuba fiye da kima. A kwance shi, a wanke da ruwa, a share da lallausan tsinken ciyawa.

Kafin a zuba magani, a gwada injin da ruwa zalla. In yana yoyo a baya ko a hannu, a sake robar wurin tukuna, don guba tana shiga jiki ta fata. Bayan feshi a ɗauraye shi sau 3, a fesar da ruwan ɗaurayar can cikin gonar, nesa da rijiya da rafi. Wanda aka yi feshin maganin ciyawa da shi, in ba a wanke shi sosai ba, yana iya ƙone wake ko tumatir. Kwalbar magani kuwa, in ta ƙare a huda ta, kada a ba uwargida ta zuba mai ko gishiri.

In an ji rauni

Mai gyara yakan yanke. In haka ta faru, a wanke ciwon da ruwa mai tsabta da sabulu, a ɗaure da tsumma mai tsabta. Kada a sa ƙasa ko toka ko kashin shanu. Cikin ƙasa da kashin dabbobi akwai ƙwayar cutar nan mai sa haƙora su sarƙe, jiki ya sandare, wadda likitoci ke kira tetanas. In ciwon ya yi zurfi, ko ƙusa ce ta soki mutum, a je asibiti ran nan, akwai allurar rigakafi.

Abin da ya fi ƙarfinmu

Ba mu ce kowa ya zama maƙeri ko makanike ba. Ƙarin baki, da haɗa karyayyen ƙarfe, da buɗe cikin inji, duk aikin masu sana'a ne. Wanda ya buɗe abin da bai sani ba yakan biya kuɗin gyara biyu. Namu shi ne tsabta, da mai, da washi, da ɗaure abin da ya sake, da kai kaya wurin gwani da wuri, tun ɓarnar tana ƙarama.

Amfanin karatu

Wani zai ce, me ya haɗa wannan da ajinmu? Ku duba jikin sufana, za ku ga lamba: 10, 12, 13, 17. Wanda ya iya karatu yakan aiki yaro kasuwa da lambar a rubuce, a kawo masa daidai. Yakan duba kwalbar magani ya ga adadin da za a zuba. Yakan rubuta ranar da ya juye mai, da awoyin da injinsa ya yi. In yana ban ruwa awa 4 kullum, ya san awa 100 za ta cika cikin kwana 25. Yakan rubuta sunansa a ƙota, ya kuma rubuta sunan wanda ya ari gatarinsa, ba sai an yi musu ba.

To, ga aikin da muka ba ku. In kun koma gida, kowa ya fito da kayan aikinsa duka ya jera a tsakar gida. Ku sami takarda ku raba ta uku. A gefe na fari ku rubuta sunan abin, a na biyu abin da ya same shi, a na uku wanda zai gyara, ko ku ko maƙeri. Mako mai zuwa ku zo da takardar, mu karanta tare, mu ga wanda zai taimaki wani.

Allah ya kai mu damina lafiya, ya sa ruwan fari ya same mu a shirye. Wassalam.

Tambayoyi

1. Waɗanne abubuwa uku ne ke ɓata kayan aiki?
2. Don me ba a sa bakin gatari a wuta?
3. Me za a fara yi kafin a tā da injin ban ruwa?
4. In inji yana aiki awa 5 kullum, cikin kwana nawa zai cika awa 100?
5. Rubuta sunayen kayan aiki biyar da ke gidanku.